Ofishin tsofaffin sojoji na gunduma a Amurka: hidimar kyauta da ta fi ta kuɗi amfani

A yawancin jihohin Amurka akwai wani ƙaramin ofishi da gwamnatin gunduma ko ta jiha take ɗaukar nauyinsa, wanda aikinsa shi ne taimaka wa tsofaffin sojoji su nemi haƙƙoƙinsu daga ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta tarayya, wadda aka fi sani da VA. Jami'an da ke cikinsa ba ma'aikatan VA ba ne, amma ma'aikatar ce take tantance su ta ba su izinin wakiltar mutum, kuma ba sa karɓar ko sisi a kan aikin. Irin wannan hidima kuma ana samun ta a wajen manyan ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, irin su VFW da ta samo asali tun 1899, da American Legion ta 1919, da DAV ta 1920. Na rubuta wannan sharhi ne a kan ofishin gundumarmu, inda na raka ƙanena wanda ya yi aikin kanikanci a rundunar sojan ƙasa ta Amurka a Kuwait da Iraƙi, kuma ra'ayina shi ne duk ɗanmu da ya sa kakin ƙasar nan, daga Kano ya fito ko daga Kumasi ko Maraɗi, nan ya kamata ya fara zuwa kafin ya saurari kowane kamfani mai neman kuɗinsa.

Ƙanena ya bar aiki fiye da shekara goma kafin mu taka ofishin, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa neman komai ba, domin a tunaninsa kuɗin nakasa na wanda ya rasa ƙafa ne ko ido, kuma ya ɗauka ma lokacin nema ya riga ya wuce. Abu na farko da jami'in ya gyara masa shi ne wannan fahimtar. Babu wa'adin da ake rufe ƙofar neman diyyar nakasa, ko mutum ya yi shekara arba'in da ajiye kaki yana iya nema. Ba lallai ba ne raunin ya kasance na fagen daga, domin gwiwar da ta lalace a wajen atisaye, ko bayan da ya samu matsala saboda ɗaukar kaya, ko ƙarar da ba ta barin kunne saboda rugugin injuna, duk suna cikin abin da ake biya, muddin an nuna alaƙarsu da aikin soja. Kuɗin ba a cire masa haraji, ba a duba yawan albashin mutum kafin a ba shi, ba a hana shi ci gaba da sana'arsa, kuma ba a shardanta sai ya zama ɗan ƙasa. Ko wanda aka sallama ba da cikakkiyar takardar yabo ba yana iya neman ma'aikatar ta duba yanayin sallamarsa, domin abin da doka ta hana shi ne sallamar da ta kai matsayin wulaƙanci.

Abin da ya fi nuna mini cewa jami'in ya san aikinsa shi ne abin da ya yi a zaman farko tun kafin ya gama jin labarin. Ya cike fom mai lamba 21-22 wanda ya ba ofishin ikon wakiltar ƙanena, sannan nan take ya aika da fom 21-0966, wato sanarwar niyyar nema. Wannan 'yar takarda tana riƙe wa mutum ranar da za a fara lissafa masa kuɗi har tsawon shekara guda, ta yadda zai samu sukunin tattara takardun asibiti a tsanake, idan kuma aka amince da buƙatarsa sai a biya shi ariyas tun daga lokacin da ya ba da sanarwar. Mutane da yawa suna ɓata watanni suna haɗa hujjoji kafin su tuntuɓi kowa, kuma duk watan da ya wuce a haka kuɗinsa ya tafi ke nan. Ga waɗanda suke cikin aiki har yanzu akwai dama da ta fi wannan, domin ana iya shigar da buƙata tsakanin kwana 180 zuwa 90 kafin ranar sallama, wanda kuma ya nema cikin shekarar farko da barin aiki za a iya fara masa lissafi daga washegarin ranar da ya fita. Da ƙanena ya san haka a lokacinsa, da abin da ya samu ya ninka, kuma na ga yadda wannan bayani ya taɓa shi.

Daga nan jami'in ya ɗauki lokaci yana yi masa tambayoyi a kan jikinsa, gaɓa bayan gaɓa, kuma a nan ne na ga amfanin zama gaban mutum mai ƙwarewa maimakon cike fom a intanet kai kaɗai. Ƙanena ya zo ne da maganar gwiwa kawai. Da aka tambaye shi yadda yake tafiya, sai ya faɗi cewa ya daɗe yana ɗingisawa har gadon bayansa ya fara ciwo, jami'in kuwa ya bayyana cewa cutar da wata cutar aikin soja ta haifar ita ma ana biyan ta, ko da ta bayyana ne shekaru bayan sallama. Haka nan lalurar da mutum ya shiga aiki da ita, idan aikin ne ya tsananta ta fiye da yadda za ta tsananta da kanta, tana da nata hukuncin. Sai ya tambaye shi ko hancinsa yana yawan toshewa, da ya amsa da e, sai aka shiga maganar dokar PACT.

Wannan doka Shugaba Joe Biden ya sa mata hannu ranar 10 ga Agusta, 2022, kuma tana ɗauke da sunan Saje Heath Robinson, sojan da ya rasu da ciwon dajin huhu bayan ya yi aiki kusa da ramukan da ake ƙona shara a sansanonin soja. A waɗannan ramuka ana zuba robobi da tayoyi da batura da sauran tarkace, a watsa musu mai a cinna wuta, hayaƙin kuma ya lulluɓe tantunan da sojoji suke kwana. Abin da dokar ta yi shi ne ta ɗauke wa soja nauyin tabbatar da cewa hayaƙin ne ya jawo masa cuta. Idan ya yi aiki a ƙasashen da aka lissafa, kuma likita ya tabbatar yana ɗauke da ɗaya daga cikin cututtuka sama da 20 da aka ƙara, irin su asmar da ta bayyana bayan barin aiki, da toshewar hanci mai daɗewa, da cututtukan huhu da nau'o'in ciwon daji da dama, to ana ɗaukar cewa aikin ne sanadi. Ƙasashen sun haɗa da Iraƙi, Kuwait, Saudiyya, Bahrain, Ƙatar, Oman, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Somaliya daga 2 ga Agusta, 1990, sai kuma Afganistan, Jibuti, Masar, Jodan, Labanan, Siriya, Yaman da Uzbekistan daga 11 ga Satumba, 2001. Nijar ba ta cikin ƙasashen da dokar ta ambata, saboda haka wanda ya yi zama a sansanin Agadas kafin sojojin Amurka su fice a 2024 yana iya nema, amma ta hanyar da aka saba, wato ya kawo bayanin likita da ke haɗa cutarsa da abin da ya shaƙa. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida da mutane ba su cika sani ba, cewa wasu cututtuka masu daɗewa irin su hawan jini da ciwon suga da amosanin gaɓɓai, idan suka bayyana cikin shekara guda da sallama har suka kai kashi 10 cikin 100 a ma'aunin da VA take auna girman nakasa da shi, su ma ana jingina su ga aikin.

Wurin da na fi jinjina wa jami'in shi ne shirya ƙanena da ya yi domin ganin likitan da ma'aikatar take turawa ya auna nakasa. Mu mutane ne da aka rene mu da juriya da ɓoye ciwo, idan aka tambayi mutum jikinsa sai ya ce da sauƙi ko da daren jiya bai runtsa ba, soja kuma an ƙara masa horon kada ya nuna rauni. Wannan hali yana da kyau a tsakanin jama'a, amma a ɗakin awo yana jawo asara, domin likitan abin da ya ji kuma ya gani shi zai rubuta, kuma da rubutunsa za a yanke hukunci. Jami'in bai koya masa ƙarya ba, ya ma gargaɗe shi da kakkausar murya a kan ƙarin gishiri. Abin da ya ce masa shi ne ya bayyana yadda ranakunsa masu tsanani suke, ya tsaya da lanƙwasa gwiwa a daidai inda ciwo ya fara, ya faɗi cewa ya koma yin salla a kan kujera, ya faɗi sau nawa ciwon yake hana shi zuwa aiki. A kan maganar firgita da rashin barci kuwa sai da ƙanena ya yi shiru mai tsawo, sannan ya juyo ya ce mini, “Yaya, ko za ka ɗan ba mu wuri?” Na fita, kuma na gode wa jami'in da ya samar da yanayin da mutum zai iya faɗin abin da ya shekara yana ɓoye wa danginsa. Daga baya matarsa ta rubuta abin da take gani da dare a fom 21-10210, domin shaidar iyali da ta abokan aiki hujja ce da ake karɓa. Ma'aunin da ake amfani da shi ma yana da sassauci fiye da na kotu: idan hujjar da ke goyon bayan soja da wadda ke saɓa masa suka yi kunnen doki, doka ta ce a ba sojan gaskiya.

Sakamakon da ya fito ya zo da abin da yake rikita kowa, wato lissafin ma'aikatar. An ba ƙanena kashi 50 a kan lalurar firgita, 20 a kan baya, sai 10 a kan gwiwa, 10 a kan hanci, 10 a kan ƙarar kunne, wadda dama ba ta wuce 10 ko kunne ɗaya ne ko biyu. Duk wanda ya tara waɗannan zai samu 100, amma takardar ta ce 70. Jami'in ya zauna da biro ya nuna mana dalili. Ana ɗaukar mutum a matsayin mai lafiya ɗari bisa ɗari, a cire 50, saura 50. Kashi 20 na gaba daga cikin ragowar 50 ake cire shi, wato 10, sai jimilla ta zama 60. Kashi 10 na ragowar 40 ya kai ta 64, na gaba ya kai ta 68, na ƙarshe 71, sannan a mayar da ita goma mafi kusa, wato 70. Wannan tsari yana sa hawa daga 90 zuwa 100 ya yi wuya ƙwarai, alhali a nan ne tazarar kuɗi ta fi girma. A adadin da ya yi aiki daga Disamban 2024 zuwa Nuwamban 2025, tsohon soja mara iyali ya riƙa karɓar dala 175.51 a wata a kan kashi 10, dala 1,759.19 a kan 70, dala 2,297.96 a kan 90, sai dala 3,831.30 a kan 100. Akwai wata ƙofa ga wanda lalurarsa ta hana shi riƙe aikin da zai ciyar da shi: idan yana da nakasa ɗaya mai kashi 60, ko jimillar 70 da ɗaya a cikinta ta kai 40, yana iya neman a biya shi kuɗin 100 ta fom 21-8940. Ƙanena yana aikinsa, don haka wannan bai shafe shi ba, amma na ji daɗi da aka faɗa masa domin gaba.

Kowane mataki kuma yana buɗe wani abu da ba kuɗin wata ba. Ko kashi 0 ba abin rainawa ba ne, domin amincewa ce cewa aikin soja ne ya jawo lalurar, za a yi wa mutum maganinta kyauta, idan ta tsananta kuma ƙari kawai zai nema ba sai ya sake kafa hujja daga tushe ba. Mai karɓar diyya ba ya biyan kuɗin da ake ɗora wa masu karɓar bashin gida na VA, wanda kan kai dubban daloli. Daga kashi 50 ana duba lafiyar mutum gaba ɗaya a asibitocin ma'aikatar ba tare da ya biya nasa kason ba. Wanda takalmin gwiwa ko man shafawa na likita yake lalata masa tufafi yana da kuɗin sutura na shekara. Akwai ma wani ƙarin kuɗi na musamman ga wanda lalura ko maganinta ya raunana masa ƙarfin mazakuta, maganar da kunya take hana mutanenmu tayarwa, jami'in kuma ya ambace ta cikin ladabi ya wuce.

Wanda ya fi shafar mu shi ne na iyali. Daga kashi 30 ana ƙara kuɗi saboda mata da 'ya'ya, har su kai shekara 18, ko 23 idan suna makaranta, kuma ana iya sa iyaye idan da ɗansu suka dogara, bayan an duba abin da yake shigo musu ta fom 21P-509. Yawancinmu a nan mu ne muke ɗauke da tsofaffinmu a gida, kowane wata sai an aika na cefane da na magani, amma ban taɓa jin wani ya ce ya nemi wannan haƙƙi ba. Ƙarin ba ya zuwa da kansa, sai mutum ya sanar da ma'aikatar, kuma idan aka yi aure ko haihuwa ya kamata a sanar cikin shekara guda domin a biya tun daga ranar.

Ofishin yana da nasa naƙasun, kuma ba ƙanana ba ne. Jami'ai kaɗan ne a kan jama'a mai yawa, samun ranar ganawa yana ɗaukar makonni, waya kuma sau da dama ba a ɗagawa, saƙon da aka bari ma sai an sake bibiya. Ba sa bin mutum su tuna masa ranar ganin likita, alhali rashin halartar wannan awo kaɗai yana iya sa a yi watsi da buƙata. Ba likitoci ba ne, don haka ba za su rubuta bayanin da ke haɗa cuta da aikin soja ba, wannan sai mutum ya nema wajen likitansa. Komai da Turanci ake yi, kuma na yi tunanin halin da matar da mijinta ya rasu za ta shiga idan ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba. Inda na ga raunin ya fi fitowa shi ne a kan abin da ya shafi zama a ƙasar waje. Da ƙanena ya ce yana da niyyar komawa gida idan yara sun girma, amsar da aka ba shi ba ta gamsar ba, sai da muka bi shafin ma'aikatar da kanmu. Diyyar nakasa ba ta tsayawa don mutum ya koma Najeriya ko Gana ko Nijar, kuma akwai shirin jinya na ƙasashen waje da yake biyan kuɗin maganin cututtukan da aka amince aikin soja ne ya jawo su, idan mutum ya yi rajista da fom 10-7959f-1, sai dai bai shafi sauran cututtuka ba. Wanda yake zaune a waje kuma ana neman takardun aure da na haihuwa a hannunsa, ba a wadatuwa da furucinsa kawai, don haka auren da aka ɗaura a masallacin unguwa yana buƙatar takardar shaida tun da wuri. Ofishin da yake hidima ga gundumar da baƙi suka yi yawa ya kamata ya san waɗannan a ka.

Duk da haka, idan na gwada shi da kamfanonin da suke tallata kansu a Facebook da YouTube, bambancin a fili yake. Wani daga cikinsu ya taɓa tuntuɓar ƙanena da alkawarin kai shi kashi 100, a kan sharaɗin zai ba su ƙarin da ya samu na watanni da dama. Dokar tarayya ba ta yarda a caji tsohon soja kuɗi a kan shirya buƙatarsa ta farko ba. Lauya ko wakilin da aka tantance yana iya karɓar lada ne bayan an yanke hukuncin farko, kuma kashi 20 na ariyas shi ne abin da ake ɗauka a matsayin daidai. Waɗancan kamfanoni suna fakewa da sunan masu ba da shawara, ba su da izinin wakilci, ba sa sa hannu a takardar da suka shirya, idan kuma aka samu ƙarya a cikinta sojan ne zai amsa. Ma'aikatar tana da shafin da ake duba sunan duk wanda ta tantance, kuma dubawar ba ta cin minti biyar.

Idan hukunci bai yi wa mutum daɗi ba, tsarin da ya fara aiki a Fabrairun 2019 ya ba shi hanya uku: ya nemi babban jami'i ya sake duba fayil ɗin ba tare da sabuwar hujja ba, ko ya kawo sabuwar hujja, ko ya kai ƙara gaban hukumar ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojoji, kuma yin haka cikin shekara guda yana kare ranar lissafinsa ta asali. Ofishin gunduma yana iya ɗaukar biyun farko da kyau, amma shari'ar da ta ƙunshi ariyas na shekaru masu yawa, ko wadda za ta wuce zuwa kotu, ta fi dacewa da lauyan da aka tantance. Jami'in ya kuma kwantar wa ƙanena hankali a kan fargabar a ƙwace abin da aka ba shi, domin alaƙar cuta da aikin soja da aka amince da ita shekara 10 ba a soke ta sai an samu zamba ko kuskure a asalin cancantar aikin, matakin da mutum ya riƙe shekara 20 kuma ba a sauke shi ƙasa da haka sai da zamba. Ya shawarce shi ya nuna wa matarsa inda ya ajiye takardun, saboda idan lalurar aikin soja ce ta zama ajalin mutum, ko ya yi shekara 10 a kan kashi 100 kafin rasuwarsa, iyalinsa suna da nasu kuɗin wata. Wanda zai je ya riƙe takardar sallamarsa ta DD-214, da duk takardun asibiti na soja da na waje, da takardun aure da na haihuwar yara, ya kuma nemi a aika da sanarwar niyya tun a ranar da ya kira neman ganawa, kada ya jira ranar da aka ba shi.